Yadda Inna Ta Ci Lambuna Da Yaƙi

Na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da darasin aikin gona a wata makarantar sakandare a Kalgo kafin in shuka wani abu da hannuna, in ban da abin da nake shukawa a allo da alli. A allo kuwa ba a taɓa yi mini fari ba. Masarata kullum goyo biyu take yi, shinkafata babu tsuntsun da ya isa ya taɓa ta, in an kaɗa ƙararrawa sai in sa a goge gonar gaba ɗaya. Ni ɗan manoma ne. Gidanmu na asali yana Ceberu, yayana har gobe can yake da garmarsa da shanun huɗarsa. Amma tun ina ƙarami aka lura fartanya ba ta zama a hannuna, sai aka ce a kai wannan boko, ko Allah ya sa a rage asara.

Shekarar da na gama ginin gidana a bakin garin Gwandu, na ɗauko mahaifiyata, Inna, daga Ceberu ta dawo wurinmu, saboda ciwon gwiwa ya matsa mata kuma asibiti ya fi kusa a nan. Ni daga Litinin zuwa Juma'a ina Kalgo, a ɗan ɗakina na gidajen malamai. In an sauko daga masallaci ranar Juma'a sai in nemi mota in dawo gida wurin Inna da matata, wadda a lokacin take da ƙaramin ciki.

Tsakanin katangar gidan da hanya akwai ɗan fili, taku goma a tsawo, huɗu a faɗi. Kowa a unguwar ya san abin da ake yi da irin wannan fili: a gina dakali, a yi masa siminti, maza su zauna bayan la'asar su gyara ƙasa da baki. Maƙwabcina na dama tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye tuƙi, muna ce masa Baba Direba. Yana da awaki biyar da ra'ayi a kan kowane abu. Tun ana ɗora bulo ya riga ya zaɓi gefen da zai riƙa zama a kan dakalin da ban gina ba, har ya faɗa wa magini tsawon da zai fi dacewa da ƙugunsa.

Da na gina dakalin nan da na huta. Abin da ya hana ni a Kalgo ya faru.

Ɗakin da ke jikin nawa a gidajen malamai na wata malamar Turanci ne, 'yar ƙasar Zuru, Kirista, ta girme ni da 'yan shekaru. Ƙofar ɗakinta ba ta kai rabin filina ba, amma ta cika ta da furanni, wasu a ƙasa, wasu a tsofaffin tayoyi da gwangwanayen fenti. Akwai wata mai ƙaya da ta hau bango har kwano, furenta ja kamar an yayyanka takarda. Akwai wasu 'yan ƙanana da ke shimfiɗe a ƙasa, ba sa buɗe ido sai hantsi ya yi. Duk baƙon da ya shigo makarantar sai ya tsaya a nan ya ɗauki hoto.

Wata rana na dawo daga aji ta tare ni.

"Malam, ranka ya daɗe, kai ne likitan tsirrai a makarantar nan. Dubi wasu 'yan ƙwari da suka manne a bayan ganyen nan. Me zan yi?"

Na gyara tsayuwa. Na gaya mata sunan ƙwarin da Turanci, na ƙara da sunansu na kimiyya, na bayyana mata yadda suke haihuwa da yadda suke tsotsar ruwan ganye, na lissafo mata magungunan feshi uku da yadda ake auna kowanne. Na fi minti ashirin ina zuba. Ta saurare ni har ƙarshe, hannu a bayanta kamar ɗaliba.

"Na gode, Malam," in ji ta.

Ta shiga ɗaki ta fito da toka a murfin tukunya, ta barbaɗa a kan ganyen a gabana. Kwana uku ƙwari suka yi ƙaura.

Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo. A wannan makon na yanke shawara: filin ƙofar gidana lambun furanni zai zama, irin wanda za a gani a san mai ilimin abin ne ya yi, ba mai toka a murfin tukunya ba. Na samu babbar takarda da rula na zana shi. Na ja layi, na raba gida-gida, na sa wa kowane gida lamba. Ban taɓa yin zane mai kyau irinsa ba.

Ranar Juma'a na shimfiɗa takardar a gaban Inna na ce fulawa zan shuka a ƙofar gida.

Fuskarta ta washe. "Hulawa? Ta hanke da burodi? Ashe tana yi a ƙasarmu? Kai, boko ya yi rana!"

Matata ta toshe baki da gefen zane. Na yi wa Inna bayani cewa ba ta garin alkama nake nufi ba, fure nake nufi, na ado.

"In ya yi huren, sai ya yi mi?"

"Sai a kalla, Inna."

"In an kalla fa?"

"Shi ke nan. Sai a ji daɗi."

Ta daɗe tana duban takardar, ta juya ta sama ta koma ƙasa. "Auta," ta ce, "ubanka shekara hamsin shina noma, bai taɓa shuka abin kallo ba. Amma gidanka ne."

Duk wanda ya san Inna ya san in ta ce "amma gidanka ne", to maganar ba ta mutu ba, ajiye ta aka yi.

Ban jira damina ba, don mai zane a hannu ba ya da haƙuri. Ana tsakiyar bazara, rana tana narka kwalta, na roƙi Malama iri. Ta ce in bari ruwa ya sauka. Na ce mata akwai dabarun da ake bi. Ta yi murmushi ta yanko mini rassa, ta tono mini saiwoyi, ta naɗe su a jiƙaƙƙen buhu. Na rungumo su a cinya na shiga motar haya. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta leƙa buhun ta shinshina.

"Ɗana, maganin mi ne wanga?"

"Ba magani ba ne, Iya."

"Miya ake yi da shi?"

"A'a."

"Dabbobi ake ba?"

"Ado ne kawai."

Fasinjoji suka waiwayo. Tsohuwar ta ɗan matsa gefe ta ce, "Allah shi ba da lahiya," a irin muryar da ake gaishe da mai jinya.

Ranar Asabar da safe na fito da fartanya sabuwa fil. Kafin in yi sara goma, Baba Direba ya jawo benci daga gidansa ya ajiye daidai inda dakalin ya kamata ya kasance. Mutum uku suka zo suka zauna tare da shi. Ban taɓa ganin ɗayansu ya ɗauki bokiti ba, amma a ranar na gane unguwarmu cike take da masanan lambu. Wannan ya ce ramin ya yi zurfi, wancan ya ce bai kai ba. Ɗaya ya ce a Kaduna ba haka ake yi ba, alhali iyakarsa Jega. Baba Direba kuwa ya jira sai da tafin hannuna ya ɗuri ruwa sannan ya ce:

"Malam, dakali dai ba ya son ban ruwa."

Na gama dashe da azahar, kowane reshe a gidansa, kowane gida da lambarsa a jikin ɗan katako. Na rubuta jadawalin ban ruwa na liƙa a zaure: safe bokiti kaza, yamma bokiti kaza. Inna ba ta karatun boko, matata ce ta karanta mata, tana yi tana share hawayen dariya. Matata ba ta iya ɗaukar bokiti a halin da take ciki, don haka aikin ya faɗa kan Inna da gwiwarta. Ban yi wannan lissafin a takarda ba. Inna ba ta ƙi ba. Ta ce kawai ba ta taɓa jin inda aka jawo ruwa daga rijiya aka ba wa abin da ba zai ce an gode ba.

Juma'ar da ta biyo na dawo na tarar da 'yan katakai masu lamba a tsaye cif, a layi, babu ko ɗaya da ya goce. Abin da ke gindinsu ne babu. Awakin Baba Direba sun bi zanen gida-gida, daga lamba ɗaya har ta ƙarshe.

Na je na same shi da sallama, na yi magana cikin ladabi kamar yadda ake yi wa sa'an uba.

"Baba, awakinka sun cinye mini dashe."

"Ashsha. Sun ci da yawa?"

"Duka."

"Allah shi sa kada ya ɓata musu ciki," in ji shi. "Ka san akuya ba ta yi boko ba, Malam. Ita duk abin da ta gani kore a bakin hanya, sadaka ce."

Na koma wurin Malama na sake roƙon iri. Ta ba ni, ba ta tambayi na farko ba. Na kewaye filin da darnin kara. Awaki suka ci darnin suka sha ruwa, sannan suka shiga ciki suka ƙarasa. A karo na uku na sayo waya mai raga na kafa da ƙarafuna. Washegari Baba Direba ne ya yi mini sallama, riƙe da kunnen wata akuya, yana nuna mini inda waya ta karce ta. Ya ce shi ba mai son fitina ba ne, amma ya kamata mutum ya riƙa tuna haƙƙin maƙwabci. Na ba shi haƙuri. Har yau in na tuna ni ne na ba da haƙurin nan sai in ji haushin kaina.

Da ruwa ya sauka lambu ya kama. 'Yan ƙananan nan masu buɗewa da hantsi suka shimfiɗu suka yi fure, ja da ruwan ɗorawa. Mai ƙaya ta fara laluben bango. Nakan fito ranar Asabar in tsaya a tsallaken hanya, hannu a ƙugu, ina yin kamar mota nake jira.

A irin wannan tsayuwar ne na hango wasu tsirrai da ba su cikin zane. Sun fito tsakanin layuka, ba lamba, ba tsari, wasu ganyensu da ja-ja a jijiya, wasu da faɗi. A aji na sha gaya wa ɗalibai cewa duk tsiron da ya fito inda ba a so shi, ciyawa ce, ko da masara ce. Na durƙusa na tuge su tas, na tara a bakin hanya, awaki suka zo suka yi walima. Inna tana tsaye a bakin zaure da sandarta. Ta juya ta koma ciki.

Da rana matata ta kawo mini abinci a zaure, ta ajiye kwano biyu, ta fita da sauri fiye da yadda cikinta ya saba bari. Na buɗe na farko, tuwon shinkafa ne mai kyau, yana tururi. Na buɗe na biyu. Ruwan zafi ne, fari sol, furannina guda bakwai suna yawo a kai, ja da ruwan ɗorawa.

Na ɗauki kwanon na shiga cikin gida. Inna tana zaune a tabarma tana cin nata tuwon da miyar kuka.

"Inna, mene ne wannan?"

"Miyar gonarka ce. Tawa gonar ka ba awaki, sure da guro da tonka, ƙwayar da na taho da ita tun daga Ceberu a bakin zanena. Sai na ce to a ɗebo daga taka." Ta kai loma. "Ci mana. In ba ta ciwuwa, sai ka kalla, ka ji daɗi."

Sure shi ne abin da mutanen gabas ke ce wa yakuwa, guro kuɓewa, tonka barkono. Ni malamin aikin gona, wanda ya zana kuɓewa a allo ya fi sau ɗari, ban gane ta ba da ta fito daga ƙasa a ƙofar gidana. Matata tana bayan ƙyaure, ina jin ƙyauren yana rawa.

Na ci tuwo da kuka a ranar, bayan an ja mini rai. Da yamma muka yi sulhu. Na yanka wa Inna taku biyu daga ƙarshen filin, can wajen rariya inda ruwan wanke-wanke ke fita, wurin da a zanena na rubuta "ba ya da amfani". Takwas nawa, biyu nata. Na ja igiya a tsakani. Ta dubi igiyar ta ce, "Allah shi yi albarka," ta kwance bakin zanenta. Ashe ba duka ƙwayar ta shuka a karon farko ba.

Damina ta yi nisa, cikin matata ya tsufa. A ɗakin malamai aka fara maganar in an haihu za a yi mota guda a zo suna Gwandu. Malama ta ce ita ko ba don jariri ba za ta zo ta ga 'ya'yanta da ta ba ni riƙo. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idona. Lambuna yana da kyau daidai gwargwado, amma ni ba daidai gwargwado nake so ba. So nake ta sauko daga mota ta riƙe baki.

Ranar da aka haihu, mace, bayan na gama kiran 'yan'uwa a waya, na shiga kasuwa na auno takin zamani, farin nan mai kama da sukari. Littafin da nake koyarwa da shi ya ce ɗan kaɗan ake sawa, nesa da gindi, a rufe da ƙasa, kuma sai ƙasa tana da danshi. Na san wannan sarai, na sha ba da shi a jarrabawa, na sha kayar da yara a kansa. Amma littafi bai san baƙi za su zo nan da kwana bakwai ba. Na riƙa cika tafi ina zubawa a gindin kowane tsiro, har da ƙari ga waɗanda na fi so. Na miƙa wa Inna ragowar don nata ɓangaren. Ta ce a bar mata nata da talaucinsa.

Ruwa kuwa ya ɗauke a wannan makon, ko ɗigo. Kwana biyu ganye ya fara naɗewa. Kwana huɗu bakinsa ya yi ƙasa-ƙasa kamar an gifta masa wuta. Na yi ta kwara ruwa, ina jawowa daga rijiya da kaina, karo na farko tun da aka fara lambun, amma aikin gama ya gama. Ranar suna, taku takwas ɗina sun zama kamar inda aka yi gobarar daji. Daga igiya zuwa rariya kuwa, taku biyun Inna sun yi duhu don kore. Suren ya kai ƙugu, tonka ta yi 'ya'ya, guro ya wuce kafaɗata yana ta fure.

Motar malamai ta tsaya da hantsi. Ƙofar gida cike da mutane, an shimfiɗa tabarmi, ana rabon goro da dabino. Malama ta sauko, ta yi mini barka, sannan idonta ya faɗa kan lambun. Ta riƙe baki kam, kamar yadda na yi fata.

"Malam, me ya same su?"

Abokan aikina shida suna tsaye, shugaban makaranta yana cikinsu. Na buɗe baki, abin da ya fi kusa ya fito.

"Awaki ne. Awakin unguwa sun dame mu."

Ban lura Baba Direba yana kan bencinsa a bayana ba.

"Kai! Malam, ji tsoron Allah!" Ya miƙe, goro a kunci. "Jama'a ku shaida, akuyata rabonta da wurin nan tun da ya kafa mata waya. Akuya ci take yi, ba ta ƙonawa. Da idona na gan shi ranar haihuwa shina barbaɗa musu gishirin Bature da tafi, kamar mai yaɗa yaji a kilishi. Na ce a raina, wanga ko dai shuka yake yi ko dai gashi. Ban yi magana ba don an ce shi ne malamin abin."

Ban san dariya tana da nauyi ba sai ranar. Shugaban makaranta ya juya baya yana tari. Malamin lissafi ya zauna a ƙasa. Shi kuwa Baba Direba, da ya ga ya samu jama'a, ya ci gaba da bayani cewa wancan gefen da ya yi kyau ma albarkacin awakinsa ne, don kullum da safe iyalinsa ke share turke su kai wa Inna kashin, ita kuma ta aiko musu da ganyen miya. Wata uku ana wannan ciniki ta bayan gidana ban sani ba. Wato awakin sun ci lambuna sau biyu, sun sarrafa shi, sun mayar wa Inna.

Malama ba ta yi dariya ba, ko kuma ta iya ɓoyewa. Ta tsallake igiya ta tsaya gaban guro. Ta kama fure ɗaya da yatsu biyu, ruwan ɗorawa mai haske, cikinsa ja wur kamar an ɗiga jini. Daidai nan Inna ta fito raka wasu mata. Malama ta rusuna har ƙasa.

"Mama, ina kwana? Barka da arziki. Ke kika shuka wannan?"

"Ni ce, ɗiyata."

"Wallahi Mama, duk furannin da nake da su babu wanda ya kai wannan kyau. Kullum ina cin kuɓewa, ban taɓa tsayawa na kalli furenta ba."

Inna ta dubi furen kamar yau ta fara ganinsa. Ta karkata kai. "Ba laihi," ta ce. "Kuma shi in an gama kallo, shina haihuwa."

Ta kama hannun Malama suka shige cikin gida. Sauran malamai suka ci abinci suka fito, mota ta yi ta hon, Malama ba ta fito ba sai da aka aika sau biyu. Ta fito da ƙullin iri uku a leda da damin sure a hammata. Matata ta gaya mini daga baya cewa sun zauna a bakin gado sun yi ta hirar toka da kashin kaji da ruwan wanke shinkafa, kuma sunana ya fito sau da yawa, amma ba za ta maimaita ba saboda tana jego, dariya tana tayar mata da ciwon mara.

Juma'ar farko bayan na koma aiki, ina shirin dawowa gida, Malama ta ba ni jiƙaƙƙen buhu ba tare da na roƙa ba. Na fara godiya, ta ce, "Na Mama ne. Ka ce mata mai ƙayar a jikin bango, 'yan ƙananan a bakin waya. Kada ka buɗe a mota." Na isa gida na tarar babu igiya, babu katakai masu lamba, an yi makamashi da su. Inna ta sa an kwashe ƙasar da na ƙona an zuba wata. Ta karɓi buhun ta dasa yadda ta ga dama, fure nan, tonka can, sure a tsakiya, lalle a kusurwa, zogale biyu a baya. Babu layi ko ɗaya. Na ce mata tsirrai suna buƙatar tazara. Ta ce in je in jawo ruwa.

Haka matsayina ya tabbata. Ranar Juma'a ni ne ɗan aike daga Kalgo, ranar Litinin ni ne ɗan aike daga Gwandu, Asabar da Lahadi ni ne mai guga. Lambun kuwa ya yi kyau irin wanda ban taɓa zanawa ba. Mai ƙaya ta haye katanga ta zubo ta ciki. Masu babur suna rage gudu in sun zo wucewa. Amare biyu aka kawo suka ɗauki hoto a gabansa.

Mazan benci, waɗanda suka ce wannan aikin marasa aikin yi ne, suka fara aiko matansu roƙon reshe. Wanda kunya ta hana shi aike, sai a wayi gari a ga an karya reshe ta saman waya, bayan wata biyu a ga irinsa ya tsiro a ƙofar gidansa, ya ce tsuntsu ne ya kawo. Kafin shekara ta zagayo, gida biyar a layinmu suna da fure a ƙofa. Sunan da ake kiransa da shi a unguwar "furen Inna". Mutumin da iyakarsa Jega ya taɓa tsayar da ni ya ce ya kamata in riƙa koyon wani abu wurin tsohuwar nan tun tana raye, tunda ga shi an ce fannina ne.

A farkon daminar da ta biyo, shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya ce baƙi za su zo duba makarantu, yana son a yi lambu a gaban ofishinsa, kuma tunda ni ne malamin aikin gona, aikin nawa ne. Ya faɗi haka fuskarsa a ɗaure, sai dai gefen bakinsa yana motsi. Ya ƙara da cewa makaranta ba ta da takin zamani, kuma ba ta buƙata.

Washegari da safe na fito da aji guda, kowa da fartanya. Suka tsaya suna jiran umarni. Na dubi ƙasar, na dubi sama, na ce su fara tsince duwatsu ina zuwa. Na zagaya bayan wata bishiyar dogonyaro na kira matata na ce ta kai wa Inna waya.

"Inna, ƙasar nan ja ce, kuma da tsakuwa. An yi ruwa shekaranjiya. A dasa yau ko a jira?"

"Ka sa yatsa ciki?"

"Na duba ta dai."

"Ban ce ka duba ba. Sa yatsanka, har gaɓa ta biyu. Da sanyi ko babu?"

Na durƙusa da wandon aikina na tura yatsa. "Da ɗan sanyi."

"Ɗan sanyi ko sanyi?"

Na sake tura yatsa ina ƙoƙarin tantancewa. Na ji ta sauke numfashi, na ji jaririya tana ƙananan kuka a kusa da ita.

"Auta, ɗiyata ta Zuru tana nan kusa?"

"Tana aji, Inna."

"Kai mata wayar."

Na karkaɗe gwiwata, na wuce ta gaban ɗalibai arba'in da ke riƙe da duwatsu suna kallona, na je na ƙwanƙwasa ƙofar ajin Turanci.